Alƙali da Bakin Aro: Wa Ake Shirya Ɗaliban Shari'a Su Yi wa Aiki?

Akwai wata doka a ƙasar Nijar da ba kasafai ake jin labarinta a wajen zauren kotu ba, alhali kuwa ta fi kowace doka shiga gidajen mutane. Ita ce dokar da ta tsara kotuna. An yi ta ranar 16 ga Maris 1962, aka sabunta ta ranar 22 ga Yuli 2004, aka sake sabunta ta a 2018. A duk waɗannan sauye-sauye akwai ƙa'ida ɗaya da ba ta gusa ba: idan magana ta shafi aure, saki, nasaba, gado, kyauta, wasiyya, ko mallakar gonar da ba ta da rajistar gwamnati, to alƙali zai yi hukunci ne da al'adar masu shari'ar, muddin ba ta ci karo da dokokin ƙasa, da ƴancin ɗan Adam, da yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su ba. Ke nan mafi yawan abin da ke kai Bamaraɗe ko Bagobiri gaban alƙali, in ban da laifi, ba da littafin Faransa doka ta ce a yanke shi ba. Abin tambaya shi ne: yaron da ake shiryawa ya hau kujerar alƙali, ko ya sa baƙar rigar lauya, nawa aka koya masa daga wannan al'ada, kuma da wane harshe?

Sai a bi sawun ɗalibin da ya taso daga Jiratawa, ya yi sa'ar wuce jarrabawar bak a ɗaya daga cikin lise-lisen Maraɗi, ya ce shi shari'a zai karanta. Jami'ar gwamnati da ke kusa da shi, wato ta Ɗan Dikko Ɗankulodo, an ɗora ta ne kan kimiyya da fasaha da noma da likitanci. Lokacin da aka raba sababbin jami'o'i a 2010, Tawa aka kai tsangayar shari'a. Don haka ko dai ya nufi can, ko ya yi tafiyar kilomita fiye da 600 zuwa Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. A can zai iske rayuwar da duk wanda ya ratsa wurin ya sani: sammakon kama kujera a babban zauren lacca, kwafar darasi da hannu har yatsa ya yi kanta, karo-karon kuɗin hoton takardu, jiran alawus da ba ya zuwa a kan kari, shekarar karatu da kan shiga cikin ƴar'uwarta saboda yajin aiki. Zai yi shekara uku ya sami lisans, ya ƙara biyu ya sami masta. In alƙalanci yake so, sai jarrabawar gasa, wadda a da take kai mutum makarantar horar da ma'aikata ta ENAM, daga baya aka ware wa ma'aikatan shari'a makarantarsu ta musamman. In kuwa lauya yake son zama, ƙa'idar ƙasashen UEMOA ta 2014 ta ce sai da masta, da takardar cancantar aikin, da shekara uku na koyon aiki a ofishin wani babban lauya. Mafi yawan irin waɗannan ofisoshi kuma a Yamai suke. Duk wanda ya jure wannan doguwar hanya ba rago ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ɗora wa yaran laifi.

Laifin yana cikin abin da aka cika musu kai da shi. Ɗalibin shari'a a Nijar yana tashi ne da littafin dokar farar hula da Napoleyon ya kafa a 1804, wanda har yanzu shi ne ginshiƙin wannan fanni a ƙasar. Ana koya masa sharhin hukunci a tsari ɗaya tak, kashi biyu, kowane kashi da rassa biyu, in ya yi uku ya faɗi. Yana haddace shari'ar Blanko ta 1873, labarin wata yarinya da keken masana'antar taba ya take a birnin Bordo, ya san kotun da ta yanke ta, da abin da ta haifar a dokar mulki. Babu aibu a sanin wannan. Dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda ƙasashen Afirka 17 suke aiki da su bisa yarjejeniyar 1993, su ma dole ne lauyan da zai yi hulɗa da alhazan Maraɗi ya san su ciki da bai. Amma a tambayi wannan ɗalibi mene ne bambancin aro da jingina a gona, ko wane ne ke da kayan lefe idan mace ta nemi hul'i, ko me ya sa ɗan da ya yi shekara ashirin yana noman gandu yake ganin ya fi ƙannensa da ke birni haƙƙi. In ya amsa, daga bakin kakarsa ya ji, jami'a ba ta ba shi ba. Inda ma aka sa darasin al'ada ko na shari'ar Musulunci a manhaja, ɗan ƙarami ne a gefe, kuma da Faransanci ake ba da shi, kamar ana ba baƙo labarin wata ƙasa mai nisa.

Jiratawa kanta ta isa ta zama aji. Gari ne a bakin Gulbin Maraɗi, cikin gundumar Madarumfa, ɗaya daga yankunan karkara da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar. A farkon shekarun 1980 gwamnati ta gyara fili na kusan hekta 500 don noman rani, aka rarraba wa manoma. A takarda, ƙasar ta gwamnati ce, manomi yana riƙe da ita ne ta hannun ƙungiyar haɗin gwiwa. A zahiri kuwa ana gadonta, ana ba da hayarta, ana jinginar da ita idan biki ko ciwo ya taso. Wace doka ce za ta raba gardama idan mai riƙe da ɗan fegin zogale ya rasu ya bar mata biyu da ƴaƴa goma sha? A gonakin tudu kuma lamarin ya fi haka tsanani. Binciken da Marthe Diarra da Marie Monimart suka yi a kudancin Maraɗi a shekarun 2000 ya nuna yadda ƙarancin ƙasa ya sa mata suke rasa gamanar da a da miji kan yanka wa matarsa, har aka sami wani sabon kulle da ya hana mace zuwa gona ba don addini ba, sai don babu gonar da za a ba ta. Ya kuma nuna cewa mata da yawa sun koma neman rabonsu ta hanyar gadon Musulunci, tun da shi ya yanka wa ɗiya kaso, al'adar gargajiya kuwa ta kan bar gona a hannun maza. To ga abu biyu da duk ake kira «al'ada», suna jan juna a kan gona ɗaya. Alƙalin da ke Madarumfa shi zai zaɓa. Idan bai taɓa zama ya karanci ko ɗaya daga cikinsu ba, da me zai zaɓa?

Doka ta tanadi amsa, amma amsar gurguwa ce. Ta ce a shari'ar al'ada alƙali ya zauna da mataimaka biyu masana al'adar masu ƙara, waɗanda galibi malaman addini ne. Sai dai nasu shawara ce kawai, hukunci na alƙali ne. Ga mai ilimin abin ba shi da iko, ga mai iko ba a ba shi ilimin ba. Malamin da ya yi shekaru a zaure yana bitar Risala da Muhtasar da Tuhfatul Hukkami bai san tsarin ƙara na zamani ba, bai kuma san yarjejeniyoyin da suka taƙaita al'ada ba. Saurayin da ya zo daga Yamai da digiri ya san waɗannan, amma ba zai iya gane ko abin da malamin ya faɗa masa fiƙihun Malikiyya ne, ko al'adar Katsinawa, ko kuwa ra'ayin malamin ne kawai ba.

Sannan ga harshe. Gaskiya ne alƙalai da yawa Hausawa ne, ko kuma sun iya Hausa, kuma a zaman shari'ar al'ada sukan yi magana da mutane kai tsaye. Amma abin da magatakarda zai rubuta, da hukuncin da za a sa wa hannu, da takardar da za ta tafi kotun ɗaukaka ƙara, duk da Faransanci ne. Ke nan fassara tana faruwa ko da tafinta ko babu shi, kuma babu wanda aka horar don ita. Kalmar jingina kaɗai ta isa misali. Manomi ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonarsa, mai kuɗi yana nomawa yana ci har ranar da aka mayar masa da kuɗinsa, ko da bayan mutuwar su biyun ne. Babu wa'adi, kuma daɗewa ba ta mayar da gonar ta mai riƙo. Malamai da yawa ma suna ganin cin amfanin irin wannan gona riba ne. Idan aka zuba wannan a cikin kalmar Faransanci da aka ƙera don wata irin mu'amala, sai ta ɗauki sharuɗɗan da manoman biyu ba su taɓa ƙullawa ba. Alƙalin ɗaukaka ƙara, wanda shekaru da dama sai an je Damagaram ake samunsa, bai ga manomi ba, bai ji shi ba, kalmar kawai ya gani. Haka «na ba ka ka ci» take iya zama kyauta a takarda alhali aro ake nufi, haka yaji yake iya zama gudun gidan miji. Mutum yana tsaye ana karanta makomar gonar ubansa, yana jiran a juyo a gaya masa a jimla biyu ko ya ci ko an cinye shi.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna shari'ar Hadijatu Mani. An sayar da ita a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240, ta zama wahaya a wani gida a yankin Ƙonni. A 2003 ƙasa ta mayar da bauta babban laifi. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci, amma mutumin ya ce ai matarsa ce. Ƙaramar kotun Ƙonni, a Maris 2006, ta duba ta ga babu sadaki, babu ɗaurin aure, babu yardarta, ta ce babu aure. Bayan wata uku babbar kotun garin ta rushe wannan hukunci, ta ce a al'ada baiwar da aka ƴanta matar ubangijinta ce. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida a kan aure bisa aure. Sai da kotun CEDEAO ta zauna a Yamai, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ta kasa kare ta daga bauta, ta ce a biya ta miliyan 10 na sefa. Abin lura a nan shi ne, hukuncin farko, wanda ya ba ta gaskiya, daga cikin sharuɗɗan aure da kowane almajiri ya sani aka ciro shi. Na biyun, wanda ya mayar da ita, shi ma da sunan al'ada aka yi shi. Kalma ɗaya ta fitar da ita, ta kuma ɗaure ta, gwargwadon yadda mai riƙe da ita ya fahimce ta.

Wannan shi ne amsar masu cewa koyar da al'ada a jami'a komawa baya ne, tun da al'ada takan danne mata da marasa ƙarfi. Tana dannewa, babu musu. To amma rashin koyar da ita bai hana a yi hukunci da ita ba ko na rana ɗaya. An yi yunƙurin kafa dokar iyali a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyin addini suka tashi, aka janye. An sake gwadawa a 2011, aka sake janyewa. Ko mutum ya ji daɗin haka ko bai ji ba, al'ada ce doka a wannan fage, kuma abin da ba a rubuta ba, ba a karanta ba, ba a yi muhawara a kansa a aji ba, shi ne ya fi sauƙin murɗawa a hannun mai ƙarfi. A Katsina, lauyoyin da suka kuɓutar da Amina Lawal daga hukuncin jifa a Satumba 2003 ba da littafin Ingila suka yi nasara ba. Sun shiga cikin fiƙihun Malikiyya ne suka fito da hujjojin da suka rushe hukuncin. Sun iya hakan domin a tsallaken iyaka an daɗe ana koyar da fannin: tun 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Bayero suna ba da digirin da ya haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci, kuma dokar laifuffuka ta Arewa ta 1960 an fassara ta da Hausa. Kotunan Najeriya suna da nasu ciwon, mai yawa ma, amma ba za a ce Hausa ta kasa ɗaukar shari'a ba alhali ga ta tana ɗauka kullum a Jibiya, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Jiratawa.

Masu cewa Hausa ba ta da kalmomi kuwa, sun manta tarihin harshen da suke karewa. Har ƙarni na 16 da Latin ake rubuta hukunci a Faransa. A 1539 ne Sarki Faransuwa na Ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta ce a riƙa rubuta takardun shari'a da Faransanci, kuma dalilin da ya bayar shi ne kada a sami shubuha a abin da hukunci yake nufi. Ɗaliban Yamai suna jin wannan a darasin tarihin doka, su rubuta, su ci jarrabawa, ba tare da an ce musu su duba taga ba. Tanzaniya ta gyara dokarta a 2021 ta mayar da Swahili harshen kotuna. Harshen da ya riga ya mallaki ƙara, shaida, hujja, rantsuwa, diyya, wakili, wasiyya, amana, beli da ɗaukaka ƙara ba matalauci ba ne. Abin da ya rage aikin zama ne, a tace, a daidaita, kamar yadda aka daidaita rubutunsa a Bamako a 1966, aka kuma tabbatar da shi a Nijar a 1999.

Hujja ɗaya ce mai nauyi, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Nijar ba ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Alƙali ma'aikaci ne da ake iya kaiwa Tilaberi bana, baɗi Difa, kuma Bazabarme ko Babarbare ko Buzu yana da haƙƙin da Bahaushe yake da shi na jin shari'arsa da kunnensa. Ko a cikin Maraɗi, makiyayin da aka kama da ɓarnar gona Fulatanci ne harshensa. Yankin bai manta abin da ya faru a Toda, cikin gundumar Gidan Runji, a Oktoba 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutum fiye da ɗari, galibi mata da yara. Amma wannan hujja tana kira ne a ƙara harsuna a manhaja, ba ta ce a bar su duka a waje ba. Babu abin da zai hana a ce duk mai neman shiga makarantar alƙalai sai ya ci jarrabawar aiki da harsunan ƙasa biyu, nasa da wani, a baki da a rubuce, a kuma duba hakan wajen tura shi aiki. Ana tilasta masa Ingilishi, babu wanda ya ce an raba kan ƙasa.

A 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa guda goma. A Maris 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi murna a wasu wurare, an yi ƙorafi a wasu. Sai dai ayyanawa ba ta rubuta littafi. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun fara a Damagaram tun 1973, suka shafe shekaru da dama ana kiransu na gwaji, kamar tuwon da ba a gama ɗanɗanawa ba. Idan aka bar shari'a ta bi wannan hanya, jikokin ɗaliban yau ma za su iske tafinta a tsaye.

Abin da ake nema bai fi ƙarfin ƙasa ba. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 da dokokin da suka biyo bayanta sun riga sun kafa kwamitocin ƙasa tun daga gunduma har ƙauye, waɗanda suke ba da takardun shaidar saye, kyauta, aro, haya da jingina. Doka ta kuma ba sarakuna ikon sulhu, har ma rikicin gona ba ya zuwa kotu sai ya bi ta hannunsu an rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu. A fadar Sarkin Katsina a Maraɗi, da ta Sarkin Gobir a Tibiri, da ƙofar hakimin Jiratawa, ana wannan aiki kowane mako. Ɗalibin shari'a yana iya gama shekara biyar bai taɓa zama a ɗaya daga cikinsu da alƙalami a hannu ba. Da za a wajabta masa wata uku a can kafin a ba shi lisans, ya rubuta abin da ya ji da harshen da aka faɗe shi, ya kawo aji a tattauna, a soki abin suka, da a cikin shekara goma jami'o'i sun tara taskar da babu irinta. Hukumar ba da agajin shari'a da aka kafa a 2011, wadda saboda ƙarancin lauyoyi a jihohi takan dogara da masu kare mutane da ba lauyoyi ba, ita ma da ta sami hannaye. A Say kuma akwai Jami'ar Musulunci tun 1986, tana yaye masana shari'a da Larabci, tafiyar awa ɗaya daga Yamai, amma su da ɗaliban Faransanci kamar ba ƙasa ɗaya za su yi wa aiki ba.

Malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu ba sai sun jira ma'aikatar shari'a ba, domin rabin aikin a hannunsu yake. Su ne suka iya rubutun Hausa bisa ƙa'ida, abin da mafi yawan masu digirin shari'a ba su iya ba, ko da Hausar suka sha a nono. Mushen da ke koyarwa a Tibiri ko Jiratawa ya fi kowane farfesa kusa da tsofaffin da suka san yadda ake kafa iyakar gona da gamba, da faɗin burtali, da lokacin sakin gonaki, da abin da ake biya idan shanu sun shiga hatsi da dare da kuma in da rana ne. Waɗannan tsofaffi suna ƙarewa. Ƙungiya ɗaya a Maraɗi, da malamai biyar, da alƙali ɗaya mai ritaya, da malamin zaure ɗaya, za su iya fitar da ƙaramin ƙamus na kalmomin gona da aure da gado, kowace kalma da bayaninta da misalin rikicin da takan haifar, a gefe kuma a nuna inda kalmar Faransanci ta yi daidai da ita da inda ta kauce. Dokar karkara ta 1993 da dokar makiyaya ta 2010 ba su fi ƙarfin a karanta su da Hausa a gidajen rediyon karkara, sashe bayan sashe, a bar mutane su yi tambaya ba. Sannan duk ɗalibin shari'a ɗan yankin da ya dawo hutun damina, a kira shi a ba shi shafi goma ya gyara, a sa sunansa a bangon littafin.